Yarona bai fara magana ba, makaranta sun ce in ɗauke shi, ina ake zuwa a Kano?

Maman Sadik:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Ina da yaro namiji shekararsa biyar da 'yan watanni, shi ne na uku a ɗakina, har yau bai buɗe baki ba in ban da "mama" da "ruwa", su ma sai ya ga dama. Tun yana shekara biyu nake ce wa Babansu anya yaron nan ƙalau yake kuwa, sai a ce min nauyin baki ne irin na maza, wai ƙanin babansa ma sai da ya shekara huɗu. To ga shi mun wuce huɗun mun doshi shida shiru kake ji.

In ka kira sunansa ko waigowa ba ya yi, amma da an kunna injin markaɗe a maƙota sai ya toshe kunne ya yi ta ihu, shi ya sa ni dai ban yarda kurma ba ne. Ba ya shiga cikin yara, aikinsa ya tara murafen lemo ya jera su a bakin tabarma layi ɗaya, ka kuskura ka gusar da guda ɗaya to ranar gidan ba zaman lafiya. In yana son abu hannuna zai kama ya ja ni har gaban firij ya ɗora hannun nawa a murfin. Abinci daga taliya sai shayi da biredi, bacci kuwa sai ƙarfe ɗaya na dare muna fama, kuma har yanzu da famfas yake kwana.

Mun sa shi a wata makarantar kuɗi nan unguwarmu, zango ɗaya ya yi mai makarantar ta kira ni ofis, da mutunci dai ta yi maganar ba zan yi mata ƙarya ba, ta ce ba ya zama a kujera, ya ciji wani yaro iyayen sun zo sun yi faɗa, su kuma ba su da malamar da za ta iya da irinsa, in nema masa makarantar masu buƙata ta musamman. Na ce mata ina take? Ta ce ita ma ji take yi. Yanzu yana gida.

Ta ɓangaren dangi kuwa ba abin da ba a yi ba, rubutu, hayaƙi, ruƙiyya, Hajiyarsu har wanzami ta kira ya duba ko linzami ne ya ce babu. Wata maƙociya ce ta ce min wai in bincika ko ɗan ruwa ne, wlh ranar ban iya cin abinci ba.

To tambayata, wane asibiti ake fara zuwa kuma wane likita zan ce ina nema? Akwai makaranta a Kano da ke karɓar irinsu wadda talaka zai iya? Kuma da gaske ne gwamnati na da wani taimako ko a rediyo kawai ake faɗa? Maigidana ɗan kasuwa ne a Kwari, rufin asiri dai alhamdulillah amma ba mu da kuɗin zuwa Abuja ko Masar kamar yadda wasu ke cewa.

Anti Nas:

Wa alaikumus salam Maman Sadik, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan. Na yi aiki a ɓangaren yara shekaru, abin da zan fara ce miki ki ajiye maganar makaranta a gefe tukuna na ɗan lokaci, a fara sanin mene ne ke damun yaron, don makarantar da ta dace da kurma daban, ta mai matsalar ƙwaƙwalwa daban, in kika kai shi inda ba nasa ba asarar kuɗi da lokaci ne kawai.

Na farko gwajin ji. Na ga kin ce yana jin inji, to wannan ba ya nuna kunnensa lafiya lau, akwai yaran da ke jin ƙara mai ƙarfi amma sautin magana ba ya isar musu daidai, akwai kuma wanda ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne. Duk yaron da magana ta yi wa jinkiri da kunne ake farawa. Kar ki ce ai ba zai zauna a gwada shi ba, akwai gwajin da ake yi yaro yana bacci, a manna masa 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne na'ura ta karanta ko sautin na kaiwa ƙwaƙwalwa. Ki tambaya a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano, in kuma aka tura ku Kaduna to Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa ce, su aikinsu kenan dama.

Na biyu likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na yara. A asibitin koyarwa ba kai tsaye ake faɗa masa ba, za ki yanki kati ki ga likitan yara na gaba ɗaya shi zai rubuta miki takardar turawa, kuma kilinik ɗin ƙwararru rana gare shi a sati ba kullum ba, don haka ki tambayi ranar kafin ki kwaso yaro ki biya adaidaita sahu. Ki yi sammako, ki tafi da abincinsa da murafen nan nasa, in da hali ki tafi da mutum ɗaya da zai riƙe miki layi ke kina waje da shi.

Abin da zai taimaki likita sosai, ki ɗauki bidiyo a waya, yadda yake jera kayan, yadda kike kiransa ba ya juyowa, yadda yake yi in ya fusata, don wani yaron in ya shiga ɗakin likita kuka kawai zai yi ba a ga komai ba. Sannan ki tuno tarihin haihuwarsa, an daɗe ana naƙuda? ya yi kuka da ya faɗo? ya yi shawara idonsa ya yi ɗorawa a satin farko? ya taɓa sanƙarau ko ƙyanda ko zazzaɓin da ya kai shi ga jijjiga? Duk za a tambaye ki, kuma su ne manyan abubuwan da ke taɓa kunne da ƙwaƙwalwar yara a wajenmu.

Ni ba zan sa wa ɗanki suna ta waya ba, amma alamun da kika lissafa likita zai duba ko otizim ne, wanda a rediyo za ki ji suna cewa galahanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, kuma ya fi yawa a maza nesa ba kusa ba. Ba laifinki ba ne, ba wani abu kika ci da cikinsa ba. Wataƙila su haɗa ki da likitan halayyar yara, kar kalmar asibitin ƙwaƙwalwa ta tsorata ki ko dangi su ce an kai shi gidan mahaukata, ko asibitin Barnawa na Kaduna sashen yara da matasa daban yake.

Sai gargaɗi, babu ƙwaya ko allura ko garin magani da ke warkar da otizim. Likita na iya ba da magani don farfaɗiya in akwai, ko don bacci, wannan daban. Duk wanda ya ce miki kawo dubu kaza cikin wata uku zai yi magana, a Facebook ne ko a TikTok ko mai mota da lasifika, ki riƙe kuɗinki.

Abu Ammar:

Allah ya ba shi lafiya. Hajiya ki dage da addu'a da azkar safe da yamma, ki riƙa tofa masa Fatiha da Falaƙi da Nasi, a haɗa da zamzam da habbatus sauda. Kuma ni fa ina zargin alluran riga-kafin nan da ake ɗirka wa jarirai, da can iyayenmu ba su san wannan cuta ba.

Anti Nas:

Malam addu'a kam dole, ba mai ja da wannan, a haɗa da asibiti. Amma maganar riga-kafi dan Allah a daina yaɗa ta. Wani likita ne a Ingila ya fito da ita a 1998, daga baya aka gano aikin nasa akwai maguɗi, mujallar ta janye rubutun a 2010 shi kuma aka soke lasisinsa, an yi ta bincike a kan yara masu ɗimbin yawa ba a ga alaƙa ba. Da can ma akwai yaran, sunan da ake kiransu da shi ne daban, a ce wawa ko gaula ko mai iska a kulle a ɗaki. Ƙyandar da ake yi wa riga-kafin ita ce ma ke kurmantar da yara ta makantar da su, na gani da idona a kan gado.

Malam Bala Kurma:

Salam Hajiya. Ni kurma ne, bari in sa baki don abin ya shafe ni. Annobar sanƙarau ta 1996 ce ta tafi da jina ina ɗan shekara bakwai, na tashi daga ciwon ina ganin bakin mutane na motsi ba na jin komai. Na yi shekaru a gida ba boko ba allo, ana ta neman maganin da zai dawo da ji, har wani abokin babana ya ce a kai ni makarantar Tudun Maliki. A nan na koyi karatu da maganar hannu ta makaranta, daga baya na je Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda tun 1977 take horar da malaman irinmu. Yanzu ina koyarwa ina da mata da yara huɗu duk masu ji.

Game da Tudun Maliki, ta gwamnatin jiha ce kuma an fi saninta da kurame da makafi, haka ma ta Kaduna da ake ce wa KASSES. In gwaji ya nuna kunne ne matsalar ɗanki to ki je ki ga shugaban makarantar da kanki kar ki tsaya aike. In kuma ba kunne ba ne, duk da haka zuwan ba zai zama asara ba, malaman wajen sun san junansu, sun san wa ke koyar da masu matsalar fahimta a cikin gari, wa ya buɗe aji a gidansa, wa ke zuwa gida-gida. Irin wannan labarin ba ya kan intanet, a bakin malamai yake. Amma shawarata ko da an ce akwai kwana, yaro ɗan shekara biyar da ba ya iya faɗin abin da aka yi masa kar a kai shi kwana ko'ina, ya je ya dawo ki duba jikinsa da kanki.

Abin da na fi so ki ji shi ne wannan. Abin da ya fi ci min rai a shekarun da na yi a gida ba rashin ji ba ne, rashin hanyar da zan ce ina jin yunwa ko cikina na ciwo ko wane ya dake ni. Na yi ta fasa kwanuka ana cewa na zama mafaɗaci, alhali magana ce ta taru ba ƙofar fita. Cizon da ɗanki ya yi a makaranta ni ban ɗauke shi mugunta ba. Kar ki zauna jiran ranar da baki zai buɗe, ki ba shi wata hanyar tun yau. Alamar ci, alamar sha, alamar banɗaki, alamar "ƙari", alamar "ya isa", ki yi da hannu kina faɗa da baki lokaci ɗaya, kowa a gidan ya yi iri ɗaya har yayyensa da Hajiyarsu. Mutane na tsoron wai in yaro ya saba da hannu ba zai yi magana ba, ba haka ba ne, wanda zai yi magana zai yi.

Kuma mu Hausawa muna da maganar hannu tamu tun kafin boko, wadda kurame ke yi a kasuwa da majalisa, ta makaranta kuma asalinta daga Amurka ne, wani kurma baƙar fata Andrew Foster ya yaɗa ta a Afirka ta Yamma. Ke ba ruwanki da wannan bambancin yanzu, ko wacce kika samu ki fara. In kina so matata za ta iya nuna miki alamomi goma na farko ta bidiyo, ki yi min magana ta inbok, rubutu dai ba kira ba don Allah, mutane sai su yi ta kirana a waya suna cewa ba na ɗauka.

Malama Mai Alli:

Maman Sadik sannu. Ni ilimin masu buƙata ta musamman na karanta a BUK, akwai sashe guda na wannan a can, haka ma Jami'ar Jos. Bari in amsa miki ta ɓangaren makaranta da gwamnati.

Doka dai akwai. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, a 2020 aka kafa hukumarsu ta ƙasa. A ciki an ce suna da haƙƙin ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa da ma'aikatan da aka horar, wanda ya nuna wariya in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, in kamfani ne ko ma'aikata naira miliyan 1. Sannan tun dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ga kowane yaro, ba a ce ban da wanda ba ya magana ba, kuma cikin kuɗin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa UBEC ke rabawa akwai kason da aka ware wa ilimi na musamman da ke bi ta hannun SUBEB, wato hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi. Can gaba ma JAMB na da tsari daban na makafi da wasu masu lalura, har a Kano suna da cibiya. Na faɗa miki ne don in kin shiga ofis ki shiga da sanin haƙƙin ɗanki kike nema ba bara ba. Amma kuɗi a hannu duk wata ga uwa, kar ki sa rai, kuma duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom za a sa sunan ɗanki a tallafi ki yi hattara.

A aikace ga yadda na ga ana yi. Ki je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ki nemi sakataren ilimi ko mai kula da ilimi na musamman, ki tafi da takardar asibiti, ki tambaya wace firamare ce a yankinku take da malamin da ya karanci fannin. Da yawa an ɗauke su aiki an ba su aji na gama-gari suna koyar da lissafi ko Hausa, ba wanda ya taɓa kawo musu yaro irin wanda suka karanta dominsa.

Hanya ta biyu, ƙaramar makarantar kuɗi mai yara kaɗan a aji, wadda mai ita ke da sauƙin kai, ku yi yarjejeniya ke za ki kawo mai rakiya, wato wata ta zauna kusa da shi a aji ta fita da shi in hayaniya ta yi masa yawa ta kai shi banɗaki. Ba sai mai digiri ba, 'yar NCE mai haƙuri ko ma ƙanwarki in za a nuna mata. Kar a fara da yini guda, awa ɗaya ko biyu ya isa, a riƙa ƙarawa. Kuma ki faɗa musu gaskiyar halinsa tun ranar farko, iyaye da yawa na ɓoyewa sai an karɓi kuɗi rigima ta tashi a sati na biyu. Ɗaliban sashenmu ma na neman inda za su yi aikin koyon koyarwa da lasin na yamma, in kika je sashen kika yi sallama ba za ki rasa wanda zai haɗa ki da wani ba.

Cibiyoyi masu zaman kansu sun fara yawa a Kano, wasu na aiki tsakani da Allah wasu kuwa allon sanarwa ne da kayan wasa masu kala. Kafin ki biya ki ce za ki zauna ki kalli darasi, in suka ce iyaye ba sa shiga sam ki juya. Ki tambaya yara nawa ke hannun malami ɗaya, me malamin ya karanta, ana duka ko ɗaurewa, kuma su rubuta miki a takarda abu uku da za su koya masa a wannan zangon, misali ya nuna yana son banɗaki, ya zauna minti biyar, ya juyo in an kira shi. In suka ce miki ABCD da 123 za su fara to ba su gane aikin ba. Masu koyar da magana na asibiti kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai a Arewa, in kin samu ganin ɗaya ko sau ɗaya a wata ne ki ce ya koya miki ke, don ke ce da yaron dare da rana.

Ummu Nana:

Hmm Malama duk abin da kika faɗa gaskiya ne amma dokar nan a takarda take wlh. 'Yata shekararta tara, shawara ce ta taɓa mata ƙwaƙwalwa tana jaririya, ba ta tafiya sai a keke, muna zuwa gashin ƙashi, na je wani ofis neman taimako ofishin ma a bene yake ba hanyar keke, sai goya ta na yi na hau, aka ce in rubuto takarda, na rubuta, har yau ana kan dubawa. Makaranta uku suka ƙi ta, ɗaya ta ce min wai sauran iyaye za su cire 'ya'yansu. Wa zan kai ƙara, da wane kuɗin lauya, kuma ko na yi nasara in bar musu 'yata a hannu bayan mun yi shari'a?

Ni abin da ya riƙe ni matan da na haɗu da su a bencin asibiti ne. Tun muna gaisawa muka karɓi lambar juna muka buɗe guruf a WhatsApp, yanzu in likita ba zai zauna ba wata za ta sanar tun da asuba kar ka yi asarar kuɗin mota, in keken wata ya yi wa ɗanta kaɗan ta miƙa wa ta baya, akwai kafintan da ya iya kujerar zama mai madauri duk shi muke kai wa hoto ya yi mana. Mu huɗu da ke kusa da juna muka haɗa kuɗi muna biyan malama ɗaya tana zuwa gidan ɗayarmu sau uku a sati, har adashe muke yi na famfas. Don haka ranar da kika je kilinik kar ki zauna shiru kina kallon waya, ki yi wa ta kusa da ke sallama ki tambaye ta ina take kai nata.

Akwai kuma ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa JONAPWD suna da reshe a jihohi, yana da kyau a san da ku, wani lokacin in za a raba kekuna ko na'urar ji ta hannunsu ake bi, ko da yake manya sun fi yawa a ciki, mu iyayen yara sai mun riƙa turawa. Ranar 2 ga Afrilu ta otizim da 3 ga Disamba ta nakasassu ki riƙa kasa kunne a rediyo, nan ne ake taruka wani sa'in da duba yara kyauta.

Sai maganar da ba a so a faɗa, ki jawo maigidanki jiki a lamarin nan tun yanzu, ya bi ki asibiti ko sau ɗaya ne ya ji daga bakin likita. A guruf ɗinmu akwai waɗanda aurensu ya mutu a kan wannan, dangin miji su ce daga wajen uwa aka kwaso. In ya ji da kunnensa shi zai tare miki Hajiyarsa, ke in kika faɗa gardama ce.

Maman Sadik:

Na gode na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri, wlh jiya na karanta ina hawaye. Na nuna wa Babansu, da farko ya ce mutanen waya ne kawai, da ya karanta na Malam Bala sai ya yi shiru, yau shi da kansa ya kai mu muka yanki kati. An ba mu takarda zuwa sashen kunne, na ƙwaƙwalwar kuma sai wata mai zuwa. Likitar da muka gani ta karɓi wayata ta kalli bidiyon har sau biyu Anti, ta yi ta tambayoyi irin waɗanda kika ce.

Malam Bala mun fara alamar sha da ta ci, yayarsa ce ma ta fi ni dagewa, shi dai kallonmu yake yi tukuna. Zan yi wa Maman yara magana in sha Allah. Ummu Nana ni a wajen Sharaɗa nake, in akwai na kusa a guruf ɗinku dan Allah a sa ni. Malama maganar mai rakiya, akwai 'yar yayata da ta gama sakandare tana zaune, ita ce ma yake yarda ta yi masa wanka, ko za ta iya?

Wani abu kuma da na manta ban faɗa ba, yana son fita, da an bar ƙofa a buɗe sai titi, ran nan a bakin masallacin Juma'a aka samo shi ba takalmi.

Malama Mai Alli:

Za ta iya, tunda ya riga ya yarda da ita an yi rabin aikin, amma ki yanka mata ɗan albashi ko yaya ne don ta ɗauke shi aiki, in ba haka ba ranar da aka yi biki a dangi ba za ki gan ta ba. Ki bari sakamakon kunnen ya fito sai mu yi magana in nuna mata yadda ake katin hotuna, wanda yaro ke nunawa don ya faɗi abin da yake so.

Fitar nan kuwa kar ki yi wasa da ita, ta fi maganar makaranta gaggawa. A sa sakata a can sama inda hannunsa ba ya kaiwa ko ya taka kujera, in akwai rijiya ko babban baho a gidan a rufe da murfi mai kwaɗo don da yawa daga cikinsu ruwa na jansu kuma ba su san haɗarinsa ba. Ki sa tela ya ɗinka lambar babansa a jikin rigunansa ta baya, abin wuya ko na hannu cirewa zai yi. Sannan ki zagaya da shi wajen mai shago da mai shayi da masu adaidaitan bakin layinku da limamin unguwa, ki ce musu wannan ɗana ne ba ya magana, in kun gan shi shi kaɗai ku riƙe shi ku kira wannan lambar, kuma kar a yi masa tsawa ko a rungumo shi ta baya don zai firgita ya ruga.